Tantabaru Uku a Ajin Kimiyya

Daga Yaya zuwa ga ƙanensa

Assalamu alaikum, Ƙwaro.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan jiki ya yi sauƙi, ka yi haƙuri da sunan nan. Na san yanzu kai malami ne mai furfura, ka yi ritaya, ɗalibanka sun zama manya. Amma ni ban iya kiranka da wani suna ba sai wanda muka liƙa maka tun kana tara buzuzu a kwalin ashana kana ɓoyewa a ƙarƙashin gadon Inna.

Akwai wata jita-jita da na taɓa ji, yau shekara talatin da takwas, ban yarda da ita ba. An ce lokacin da Baba yake kwance a asibiti, a kwana ukunsa na ƙarshe, an riƙa ganin wani dogo mai tabarau, da jakar littattafai a kafaɗa, yana tsayuwa a gindin bishiyar da ke kallon tagar ɗakinsa. Daga hantsi har la'asar, ba ya shiga, ba ya tafiya. Aka ce kai ne. Na ce dogaye masu tabarau ba su ƙare a duniya ba, kuma ƙanena da na sani, in ya yi fushi ko inuwarsa ba ta biyo hanyar gida. Na bar maganar a nan.

Abin da ya tono ta shi ne takardar 'yarka, wadda direban motar safe ya kawo mini shago. Ta ce ƙirji ya kwantar da kai. Ta ba ni lambar waya, amma kunnena ya yi nauyi, in na kara waya sai in ji kamar ana magana daga cikin rijiya. Shi ya sa na ɗauki biro. Rubutun ma ka gan shi, kamar sawun kaza a kan ɗanyen siminti.

Da yake mun tsufa, bari in faɗi abin da na riƙe, ka gyara mini inda na kauce. Kana shekararka ta biyu da fara koyarwa a sakandare, aka zo babin da kuke kira juyin halitta. Ka ɗauki tantabaruna uku a kwando ka kai aji: toka-tokar nan ta kowa da kowa, da mai wutsiya kamar mafici, da mai gashin ƙafa da muke cewa mai safa. Ka ce wa yara duk ukun kakansu ɗaya, zaɓen masu kiwo ne ya rarraba su, kuma haka sauran halittu suka rarrabu a tsawon zamanin da lissafi ba ya kamawa. Kafin maganar ta taka daga ƙofar makaranta zuwa shagon Baba, tantabarun sun zama birai. Uban wani ɗalibi ya kawo kujera gyara, ya ajiye ta, ya ce, “Kafinta, ɗanka ya ce kakanmu biri ne. Naku ne ko har da namu?”

Ina nan ina riƙe wa Baba katako. Ya ajiye zarto a hankali, ka san shi ba ya jefa kayan aiki ko ransa ya ɓaci. Da ka dawo ya nuna maka kujerar, ya ce, “Wannan ita ta yi kanta?” Ka ce a'a. Ya ce, “To ka ce abin da kake koyarwa ƙarya ne, don jarrabawa kawai kake yi.” Sau uku yana ba ka wannan mafitar. Kai kuma ka gyara tabarau ka ce, “Baba, ba zan ce ƙarya ne ba, don ban ga ƙaryarsa ba.” Ya ce kada ƙafarka ta sake taka masa gida. Bayan shekara biyu ya rasu.

Shagon yana nan, ni ma ina nan, sai dai yanzu gyaran ƙafar kujera kawai nake iyawa. Tantabaru sun kai sittin a bayan gida. Yayarka, uwargidana, tana gaishe ka, ta ce har yanzu kana cin abinci da littafi a hannu?

Ban rubuto don in tayar da tsohon ciwo ba. So nake kawai in sani, kai ne a gindin bishiyar nan?

Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Yayanka.

Daga ƙane zuwa ga Yaya

Wa alaikumus salam, Yaya.

Na ga takardarka. Na karanta sau biyu, na farko da tabarau, na biyu da fushi, fushin bai kai ƙarshen shafi ba. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya babba. Ka ce mata yanzu littafin nake riƙewa, abincin na daina.

Ka ce in gyara maka inda ka kauce, kuma ka san malami ba ya ganin kuskure ya wuce. Ban ɗauki tantabarunka ba. Kai ka shiga ɗakinsu da kanka, ka zaɓo ukun nan, ka sa su a kwando, ka rufe da tsohuwar rigarka. Har ka ce in riƙe mai safa da kyau don tana da tsoro. Wannan ɗaya.

Na biyu, ban taɓa cewa kakanmu biri ne ba. Cewa na yi, bisa abin da ƙasusuwa da jini suka nuna, mu da su mun haɗa kaka can nesa, kamar yadda ni da ɗan baffanmu mai gyaran rediyo muka haɗa kaka, ba tare da shi ya haife ni ba. Shekara talatin da biyar ina maimaita jimlar nan a gaban allo. Duk shekara sai an sami yaron da zai je gida ya ce malam ya ce biri. Na gane mutane birin suke so, ya fi daɗin ba da labari.

Ciwona kuwa zai ba ka dariya. Ƙwayar cutar da ke huhuna ta daina jin magani. Na sha na farko wata shida, ya kashe masu rauni, 'yan tsirarun da suka jure suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaji taurin kai. Aka canza magani, aka sake yin haka. Yanzu waɗanda suka rage jikokin jikoki ne, ba sa tsoron kowa. Likitan da ke duba ni ɗalibina ne, a benci na uku yake zama, kusa da taga. Yana ta kewaye-kewaye yana neman yadda zai gaya mini, na ce, “Ɗana, babi na tara ke nan, ni na koya maka.” Bai yi dariya ba. Dama can ba ya gane barkwancina.

Tambayarka. E, ni ne. Inna ce ta aiko mini da saƙo a ɓoye cewa jikin ya yi tsanani. Na hau mota na zo. Da na isa ƙofar ɗakin sai na tsaya. Ya ce kada in taka masa gida, kuma na ga duk ɗakin da yake kwance gidansa ne. Na koma gindin bishiyar, inda zai iya hango ni in ya juyo. Na ce in yana so na zai aiko. Kwana uku ina nan, na san kowace tururuwa da ke hawa bishiyar.

Na amsa taka, saura tawa. Inna, Allah ya jiƙanta, ta ce a gabanta bai ce komai a kaina ba, amma ita sai da yamma take zuwa, kai ne kake wuni da shi. Yaya, Baba ya ambace ni? Ko da zagi ne, ka faɗa mini. Ba na neman a ce ya yarda da abin da nake koyarwa. So nake in san ko ya tafi yana da ɗa biyu ko ɗa ɗaya.

Kada ka ɗauki lokacinka irin na kullum. Kai mutum ne da ke shekara yana zaɓar wa tantabara miji, ni kuwa likita ba ya yi mini maganar shekara.

Ka huta lafiya.

Ƙanenka, Ƙwaro.

Daga Yaya zuwa ga ƙanensa

Assalamu alaikum, Ƙwaro.

Gaisuwa da fatan an sami rangwame. Takardarka ta same ni ina ɗaure ƙafar wani tebur da ya girme ni. Maganar kwando, gaskiyarka ce, ni na zaɓa. Tsufa yana cin abin da ya ga dama a kan mutum, ya bar wanda ya ga dama.

Ka tsokane ni da zaɓar wa tantabara miji, to bari in ba ka labarin abin da ka bari a baya. Bayan tafiyarka na sa kaina aikin fitar da fara tas mai tukku. Na fara da wata mai ɗigon fari a wuya, da wani namiji mai ɗan tsini a ƙeya. Duk ƙyanƙyasa in duba 'yan shila, wanda ya fi haske in ajiye, wanda ya yi duhu in sayar. In raba ɗaki, in hana wannan ganin wancan, kamar uban da ke da 'ya'ya mata goma. Shekara goma sha biyu kafin in sami abin da nake so, fara kamar auduga, tukku kamar an nannaɗa mata rawani. Mutane suna zuwa kallo. Wani ya ce, “Ikon Allah!” Na ce ikon Allah ne, amma ni na san bayan wa ya yi ciwo.

Sai ga abin da har yau yake ba ni mamaki. Wani lokaci uwa fara, uba fari, kakanni farare har hawa shida, sai ƙwai ya fashe a fito da toka-toka mai baƙin layi biyu a fiffike, sak irin na daji da ke kwana a ƙarƙashin gada. Ba wanda ya shiga ɗakin, ni ke riƙe da makulli. Kakansu na farko ne ya leƙo ya ga yadda jikoki suke. Ranar da na fara ganin irin haka a tsofaffin tantabaruna, tun kana gida, ai na kira ka na nuna maka. Ka tuna abin da na ce? Na ce, “Ƙwaro, abin nan da kake karantawa, ni a ɗakin nan nake ganinsa.” Ban manta na faɗa ba.

Amma ga inda na tsaya, kuma a nan nake har yau. Tantabara ta sauya don akwai mai zaɓe. Hannuna ne yake buɗe wannan ƙofa ya rufe waccan. In na bar su wata shida ba kulawa, sai su cakuɗe su koma toka-toka. To in ɗakin tantabara mai taku huɗu bai gyaru ba sai da hannu, duniya mai giwa da sauro da kifi fa? Ka ga ban yi nisa da kujerar Baba ba. Bambancina da shi, shi yana ganin an ƙera kujerar a yini ɗaya an ajiye, ni kuwa ina zaton Mai ƙirar bai taɓa barin shagon ba. Ban taɓa faɗa wa liman wannan ba, kada ya ce ciwon gidanmu gado ne.

Kwanakin asibitin nan ina tuna su. Ɗaki ne mai gado huɗu, nasa na bakin taga. Akwai wani labule kore da ƙugiyarsa ɗaya ta cire, kullum Baba yana kallonsa yana cewa wanda ya kafa sandar bai iya aiki ba, ta karkace. Ya tambayi ko an rufe katakon da ke waje saboda ruwa. Ya ce a mayar wa mai shayi bencinsa ko ba a gama shafa masa fenti ba. Ya sha ruwa da cokali. Yawancin lokaci idonsa a rufe, leɓensa yana motsi.

Maganar tambayarka, ka ɗan ba ni lokaci in tattaro hankalina. Abu ne da ya daɗe, ba na so in faɗa maka abin da ban tabbatar ba. Ka dai riƙa shan maganin ko ba ya ji, a bar wa Allah sauran.

Na so in aiko maka da 'yan shila biyu a yi maka romo, direban ya ce ba ya ɗaukar abu mai rai sai mutum.

Allah ya ƙara sauƙi.

Yayanka.

Daga ƙane zuwa ga Yaya

Wa alaikumus salam, Yaya.

Ina gaisuwa. Shafi uku ka rubuto, na tambaye ka abu ɗaya, ka ba ni tarihin tantabara tun daga kakanta. Da ɗalibina ne kai, da na rubuta maka da jan biro: ka amsa tambayar da aka yi.

Amma tunda ka taɓo fagena, ba zan bari ba. Farar nan taka mai tukku, in ka sake su suka tashi sama, wacce shaho yake fara ɗauka? Ka sani, na sani. Fara ce, don ana hango ta daga nesa, kuma tukkun yana tare mata gani. Toka-tokar tana sajewa da rufin kwano ta tsira, ta yi ƙwai, ta bar jikoki. Ka ga an yi zaɓe, kuma ba hannunka ba ne. Yunwa tana zaɓe, sanyi yana zaɓe, cuta tana zaɓe. Ka ba su shekara dubu sau dubu, su yi abin da ka yi a shekara goma sha biyu, har su wuce. Iyakar abin da na koyar ke nan.

Na san me za ka ce: shahon fa, na wa ne? Yaya, ban taɓa cewa ba shi da mai shi ba. Wannan tambayar ba ta cikin abin da awo da gwaji suke amsawa, kuma ban taɓa shiga aji na ce na amsa ta ba.

Sai dai ba zan yi maka ƙarya ina kwance a nan ba. Karatun ya girgiza ni. Ba birin ba, wannan wasan yara ne. Ranar da na fara jera hoton ƙashin hannun mutum da na fiffiken jemage da na ƙafar kyanwa, na ga ƙashi ɗaya ne aka ja nan aka matse can, daɗi na ji, kamar na gano ɗinki ɗaya a riguna uku. Abin da ya hana ni sukuni shi ne yawan waɗanda ake zubarwa. Kafin tantabara ɗaya ta dace, dubu nawa shaho ya ci? Halittu nawa suka zo suka shuɗe ba wanda ya gan su, sai ƙashinsu da ya koma dutse? Sannan ga abin da aka karantar da mu tun muna ƙanana game da Annabi Adamu, ga abin da duwatsu suke nunawa. Na karanta malamai da suka ce babu karo, na karanta waɗanda suka ce akwai. Na shekara arba'in ina ɗauke da biyun, ɗaya a kowace kafaɗa, ban ajiye ko ɗaya ba. Ban bar salla ba, ko 'yata ka tambaya. Wata rana ina yi zuciyata cike, wata rana kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana kasa kunne. Da Baba ya tambaye ni wannan, da na faɗa masa. Bai tambaya ba, kalma ɗaya ya nema, ita kuwa ba ni da ita.

Ka ambaci labulen nan kore. Na san shi. Rana ta uku, wajen azahar, na ga kan Baba ya juyo wajen taga. Na cire tabarau na goge na mayar. Na tabbata ya gan ni, har na ɗaga hannu. Sai na ga ka taso ka zo bakin tagar, ka ja labulen. Ya maƙale a inda ƙugiyar ta cire, ka sa hannu biyu ka ja shi har ƙarshe. Na ce shi ke nan, ya ce a rufe. Na ɗauki jakata na tafi tasha. Da na isa gida saƙon rasuwarsa ya riga ni.

Ban taɓa riƙe ka da wannan ba, umarni aka ba ka. Haka ranar kujera, da Baba ya juyo ya ce maka, “Kai ka ba shi tsuntsayen?” ka ce ba ka san an ɗauka ba, ban tona ka ba. Ɗayanmu dole ya zauna da su Inna, kuma kai ka iya zarto.

Abin da nake so in ji kawai, da ya ce a rufe, da wane irin murya ya faɗa? Ya kira sunana, ko cewa ya yi wancan? Ka rubuto ko layi ɗaya ne. Hannuna ya fara gajiya, wannan ma a zama uku na rubuta ta.

Ka gaida gida.

Ƙwaro.

Daga 'yar ƙane zuwa ga baffanta

Assalamu alaikum, Baffa.

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Umma da kowa da kowa. Ni ce 'yar ƙanenka, wadda ta fara rubuto maka. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma na san ka, don tun ina ƙarama in muka ga tantabara a kan waya sai Abba ya ce, “Da Yaya yana nan da ya gaya miki kakarta.”

Yau kwana goma sha tara da ya aiko maka da takardarsa ta ƙarshe. Kullum in na dawo daga aiki sai na biya tasha wajen direban, ya juya mini tafin hannu. Jiya har ya ce, “'Yata, na ga tsohon a ƙofar shago, ya taso kamar zai ba ni wani abu, sai ya koma ya zauna.”

An mayar da Abba asibiti ranar Litinin. Ba ya iya riƙe biro, ba ya iya karatu, an sa masa robar iska a hanci. Amma yana ji, kuma hankalinsa garau. In na shigo ɗakin ba fuskata yake fara kallo ba, hannuna yake kallo. In ya ga ba takarda sai ya ce, “Yaya ba ya gaggawa,” ya rufe ido. Shekaranjiya ya sa an matsar da gadonsa bakin taga, ya ce kada kowa ya taɓa labulen.

Tsofaffin ɗalibansa suna ta zuwa. Wani limami ne yanzu, ya zauna ya yi masa addu'a mai tsawo, da ya gama Abba ya ce masa, “Har yanzu ba ka kawo mini zanen fiffiken jemagen nan ba.” Suka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Baffa, ka gafarce ni in na wuce gona da iri, ni 'ya ce. Ban san abin da ya faru a ɗakin nan ba, ba a haife ni ba. Amma na ga mutumin da ya tsaya a gaban iyayen yara da hukumar makaranta shekara da shekaru bai sunkuyar da kai ba, yanzu yana kwance yana jiran layi ɗaya. In amsar mai ɗaci ce, ka aiko, ya saba da ɗaci. In kuma ba ka tuna ba, ka ce ba ka tuna ba. Likita ya ja ni gefe yau da safe, ya cire tabaransa yana ta gogewa. Na gane.

Ina jiran direban gobe.

'Yarka.

Daga Yaya zuwa ga 'yar ƙanensa

Wa alaikumus salam, 'yata.

Allah ya yi miki albarka. Ina shigowa motar gobe da safe. Na ba direba wannan ta riga ni, don na san bakina, ya taɓa cin amanata sau biyu. Ki zauna kusa da kunnensa ki karanta masa yadda na rubuta, kada ki gyara komai.

Ƙwaro, ba a ba ni umarni ba.

Na ji tsoro ne. Na ce in ka shigo za a yi maganar tantabaru, Baba ya gano ni na zaɓa, ni na sa a kwando, ni na ce ina ganin abin a ɗakina. Shekara biyu yana kallona a matsayin ɗan da bai kauce ba. Na kasa barin ya tafi yana kallona yadda ya kalle ka. Na ce gobe, in ya ɗan farfaɗo, zan fito in kira ka. La'asar ba ta yi ba ya cika.

Na ce maka jita-jita ce na ji ban yarda ba. Ranar farko mai gadin asibiti ne ya gaya mini, na ce ya yi kuskure. Rana ta biyu matar da ke share baranda ta ce ga wani mai kama da ni a waje, na ce kama ce kawai. Rana ta uku aka sake gaya mini, da murya ƙasa-ƙasa, ba fushi a cikinta. Aka ce, “Ga Ƙwaro can a rana tun ɗazu. Je ka shigo da shi, ko ruwa bai sha ba.” Na ce zazzaɓi ne, babu kowa, na tashi na ja labule.

Wanda ya gaya mini na ƙarshen nan, Baba ne.

Yayanka.